Lambar NIN: an karɓi amanar dole, wa ke tsaron ta?

A watan Yunin 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative mai kare haƙƙin masu amfani da intanet ta sanar da cewa ta biya naira 100 a wani shafi mai suna AnyVerify, aka miƙo mata takardar NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani. Da ta ƙara wata naira ɗarin, sai ga ta Dakta Vincent Olatunji, shugaban hukumar NDPC da aka kafa takanas domin kare bayanan 'yan Najeriya. Kafin nan, a watan Maris, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta bankaɗo wani shafin, XpressVerify, inda ake cinikin irin waɗannan bayanai a kan naira 200. Hukumar NIMC mai rajistar 'yan ƙasa ta ce babu wani mai kutse da ya fasa rumbunta.

Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa, kuma nan ne hankali ya kamata ya fi tashi. Banki ko kamfanin waya ba ya zuwa ofishin NIMC da ƙafa idan yana son tantance mutum. Akwai kamfanonin da hukumar ta bai wa lasisi, ta buɗe musu hanyar tambayar rumbun ta kwamfuta: su shigar da lamba, amsa ta fito. Waɗannan kamfanoni suna da wakilai, wakilan ma suna da nasu yaran. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya ara wa wani wannan hanya, ko ya sayar da ita, an gama. Ba a ɓalle ƙofa ba, amma kaya sun fita, domin mai riƙe da makulli ne ya buɗe.

Abin da ke bayan alƙaluma 11 na lambar NIN ba kaɗan ba ne. Akwai cikakken suna, ranar haihuwa, adireshin gida, hoton fuska, zanen yatsu goma, sa hannu, sunayen iyaye, magaji, jiha da ƙaramar hukumar asali. Idan katin ATM ya ɓata, banki zai toshe shi ya ba ka sabo. Lambar NIN kuwa guda ce har mutum ya koma ga Mahaliccinsa, yatsu ma ba a sake su. Duk abin da ya fita yau, ya fita ke nan har abada.

Tarihin katin ɗan ƙasa a Najeriya bai taimaka wajen kwantar da hankali ba. Aikin da aka bai wa kamfanin Sagem na Faransa a kan dala miliyan 214 ya ƙare da zargin cin hanci, har aka gurfanar da tsofaffin ministoci a kotu a 2003. An kafa NIMC da dokar 2007. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da sabon kati ɗauke da tambarin MasterCard, mutane da dama suka tambayi dalilin manna sunan kamfanin Amurka a jikin shaidar zama ɗan ƙasa. Duk da haka rajista ta ci gaba da tafiyar hawainiya, sai a Disambar 2020, zamanin Minista Isa Ali Pantami, da aka ce duk layin wayar da ba a haɗa da NIN ba za a rufe shi. Kowa ya tuna yadda jama'a suka riƙa yin asubanci suna cunkuso a ƙofar ofisoshin rajista, ana tsaka da annobar korona. A Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Hukumar jarrabawa ta JAMB ta ce babu jarrabawa sai da NIN, fasfo haka, asusun banki haka. Zuwa 2023 masu rajista sun haura miliyan 100.

Ni ban ga laifin ƙasa ta san mutanenta ba. Matar da ba ta da wata takarda tun haihuwa, NIN ce ta ba ta damar buɗe asusu da sunanta, ba da sunan miji ko ɗa ba. Amma a lura da tsarin abubuwan: an tilasta wa mutane miƙa bayanansu tun 2020, dokar kare bayanan kuwa sai ranar 12 ga Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa mata hannu. Kafin nan ƙa'idar da hukumar NITDA ta fitar a 2019 kawai ake da ita. An tara dukiya kafin a gina mata katanga.

A nan Arewa, ɓarakar da ta fi yawa ba ta buƙatar ƙwararren ɗan kutse. Shiga kowane shagon kwamfuta kusa da makaranta ko sakatariyar ƙaramar hukuma ka duba teburin mai fotokofi. Za ka ga takardun NIN jibge, wasu sun fito da duhu an ajiye su gefe, da hoto da lamba da adireshi ɓaro-ɓaro. A wayar yaron shagon akwai hotunan takardun mutane barkatai da aka turo masa ta WhatsApp domin ya buga, kuma babu ranar goge su. Haka lamarin yake a ƙauye idan wani ya zo da littafi ya ce ana rubuta sunayen masu tallafi. Mata daga cikin gida za su aiko yara da takardunsu, ya kwashi NIN da lambar banki ta BVN da lambar waya ya tafi. Tallafi bai zo ba, kuma babu wanda ya san inda littafin ya kwana. Wanda yunwa ke ci ba ya tambayar baƙo takardar shaida, 'yan damfara kuma sun san haka sarai.

Abin ya zama sana'a. A Yulin 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kimanin 12,000 da ke bin mutane suna sayen NIN da BVN a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar a kan kusan 5,000 domin a buɗe asusun da ake wuce da kuɗin zamba. Wanda ya sayar yana ganin ya ci banza. Ranar da aka bi sawun kuɗin sata, ko aka bi layin da aka yi cinikin kuɗin fansa da shi, sunansa da hotonsa ne za su fito a kwamfutar 'yan sanda, shi ne kuma zai yi ta rantsuwa a caji ofis. Ɓarawon yana can da wata lambar.

Alkawarin da aka yi lokacin haɗa layuka shi ne tsaro: mai garkuwa da mutane ba zai ƙara kira ya ɓuya ba. Mutanen Zamfara da Katsina da Birnin Gwari su ne shaida a kan ko alkawarin ya cika. A Janairun 2024, bayan sace-sacen mutane a yankin Bwari na Abuja, Pantami da kansa ya fito ya koka cewa jami'an tsaro ba sa amfani da tsarin yadda ya kamata. Talaka ya bi layi, ya biya kuɗin mota, wani ma ya ba da na goro kafin a ɗauki hotonsa. Yana da haƙƙin ya tambayi abin da wahalarsa ta saya masa.

Dokar 2023 tana da haƙora a rubuce. Ta bai wa mutum damar sanin bayanan da wani ke riƙe da su a kansa, ya nemi a gyara kuskure, ya janye amincewarsa. Ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan sun fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su. Manyan kamfanoni za a iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa, kuma a 2024 hukumar ta sanar da tarar naira miliyan 555.8 a kan bankin Fidelity. Sai dai dokar ta sassauta wa hukumomin gwamnati idan suka ce batun tsaron ƙasa ne ko binciken laifi, alhali babban rumbun yana hannun gwamnati. A Kenya, babbar kotu ta taka wa katin ɗan ƙasa na Huduma Namba birki a 2021 saboda gwamnati ba ta fara auna haɗarin da zai jawo wa sirrin jama'a ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa kotunanmu madogara irin wannan.

A 2022 NIMC ta fito da wata dabara: lamba ta wucin gadi mai haruffa da alƙaluma 16, wadda mutum zai ciro ta wayarsa ya bai wa kamfani ɗaya tak, ta mutu bayan awa 72. Dabara ce mai kyau, amma mutum nawa ne suka taɓa jin labarinta a rediyo da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri? Har yau makaranta da asibiti da mai ba da hayar gida cewa suke a kawo fotokofi. Ana yawan yi wa jama'a wa'azin kada su ba da lambarsu, sannan a kowace taga a ce ba za a saurare su ba sai sun ajiye ta. Abin da ya kamata NIMC ta yi shi ne ta hana karɓar fotokofi, ta riƙa tura wa mutum saƙon waya duk lokacin da wani ya duba bayanansa, da sunan kamfanin da ya duba, sannan ta wallafa sunan duk mai lasisin da aka kama yana sayar da hanya da hukuncin da aka yanke masa. Bankuna sun daɗe suna tura saƙo idan naira 50 ta fita daga asusu.