Shekara Biyu Muna Neman Sunan Ciwon Ƙanwata

Tana cikin tankaɗen gari abin ya fara. Ƙanwata ta ce idonta na hagu ya yi hazo, kuma da ta juya shi sai zafi. Bayan mako uku ya washe, muka yi hamdala muka manta. Wata biyar bayan nan sai ƙafafu suka sage, yatsun hannu suka kumbura, gajiya ta kai ko buta ba ta iya ɗagawa ta yi alwala.

A gida kowa ya raɗa wa ciwon suna. Gwaggo ta ce jifa ne, maƙwabciya ta ce sanyi, mai kemis ya ce taifot. A asibiti kuwa sunaye uku aka yi ta juyawa: lufus, MS da NMO. Likitan jijiyoyi ya tura mu wurin na gaɓoɓi, shi kuma ya maido mu. Wata rana haƙurina ya ƙare, na ce, "Likita, don Allah me ke damun yarinyar nan?" Ya ce, "Hajiya, ba mu tabbatar ba tukuna, kuma ba zan laƙaba mata sunan da ban tabbatar ba."

Na fita ina jin haushinsa. Yau kuwa addu'a nake masa.

Cututtukan nan uku tushensu ɗaya: garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar ƙwayoyin cuta, ita ce ke juyowa kan mai ita. A MS tana cinye rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar yadda ɓera ke gwaguyar robar wayar lantarki. A NMO ta fi afka wa jijiyar ido da laka. Lufus kuwa, wadda kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, takan taɓa fata, gaɓoɓi, ƙoda, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Akan ma sami lufus da NMO a jikin mutum ɗaya.

Gwaji ma ba ya raba gardama nan take. Gwajin jinin ANA yakan nuna alama ga kusan duk mai lufus, amma yakan nuna ga wasu lafiyayyu. Fararen tabon da hoton MRI ke fitarwa a ƙwaƙwalwa ba na ciwo ɗaya ba ne. Ƙa'idojin gane MS da aka fitar a 2001 sun nemi a ga ɓarna a wurare dabam-dabam, kuma a lokuta dabam-dabam, wato jira shi ma gwaji ne. NMO kuwa an daɗe ana ɗaukarta reshen MS, sai a 2004 masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka gano alamarta a jini. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin wasu magungunan MS sukan tsananta NMO. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Amma jira ba naɗe hannu ba ne. Na saya wa ƙanwata littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk abin da ta ji tana rubutawa da kwanan wata: yaushe ya zo, kwana nawa ya yi, ko ta sha rana a ranar. Idan ƙuraje suka feso a kumatu, mu ɗauki hoto a waya kafin su baje. Sakamakon gwaje-gwaje duk suna jaka guda, kuma mun tsaya wurin likita ɗaya. Ba ma sayen maganin firednisolon a kemis da ka, wanda aka rubuta mata kuma ba ta yanke shi farat ɗaya. Idan gani ya dushe, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya tsaya, ba ma kwana a gida.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne a dube ta a ce, "Ai lafiyarki ƙalau." Don Allah, idan mai irin wannan lalura ya ce ya gaji, ku yarda da shi.

Har yanzu ana bibiyarta, tana shan magani, muna haɗawa da addu'a. Ta koma kan keken ɗinkinta, tana aiki da sanyin safiya, ta kwanta idan rana ta take. Ranar Talata za mu koma asibiti, littafin yana cikin jaka, saura shafi huɗu ya cika.