In Tafi Ko In Zauna?

Wata ƙawata tana yi wa wani sabon kamfani tallar turare a Kano. Tun cire tallafin mai a 2023 ciniki ke ja da baya, yau wata uku ba albashi, kullum sai "ki ƙara haƙuri." Kuɗin mota ma a kuɗin kayan ɗakinta take cira.

Na ce ƙawata, haƙurin ya isa, amma kada ki saki reshe ki kama ganye. Oga ya rubuta bashinki ya sa hannu. Ki samu wani aikin tukuna, sannan ki ba da notis, mako guda dokar ƙwadago ta yanka wa wadda ba ta shekara biyu ba. Allah ya zaɓa mana mafi alheri.