Hayaƙin Salansa: Tsakanin Tafiyar Hawainiya da Gudun Wuce Sa'a

Da yawan mutane sun ɗauka motar da ke tafiya sannu-sannu ita ce mai ƙarancin hayaƙi. Ba haka abin yake ba. Inji ya fi ƙona mai sarai idan mota na tafiya matsakaiciya ba tare da tsaye-tsaye ba, wajen kilomita 50 zuwa 80 a awa guda. Amma a cunkoso irin na kewayen Kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda direba ke taka totur ya koma birki, man ba ya ƙonewa duka, sai ya fito ta salansa da guba iri-iri.

Gudun wuce sa'a ma da nasa laifin. Idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska kan ninku sau huɗu, dole inji ya ƙara shan mai. Don rage hayaƙi ne ƙasar Holan ta mai da iyakar gudu a manyan hanyoyinta kilomita 100 da rana a shekarar 2020.

Sa'an nan kowace irin mota da tata gubar. Mai fetur ta fi fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi balle wari, wadda ke manne wa jajayen ƙwayoyin jini fiye da oksijin sau ɗari biyu. Da zarar ta kama wurin, jini ya gaza kai oksijin ƙwaƙwalwa, sai ciwon kai da jiri. Tirela da tanka masu amfani da gas kuwa baƙin hayaƙi suke tuttulowa, mai ɗauke da ɓurɓushin da ya fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Gashin hanci ba ya tare shi, yakan wuce har can ƙuryar huhu ya zauna. Tsohon babur mai haɗa fetur da baƙin mai, duk da ƙanƙantarsa, ba kanwar lasa ba ne: shuɗin hayaƙin nan nasa mai ne da bai gama ƙonewa ba.

Abin takaici, ba direba ne ya fi shaƙa ba. Yaran da ke talla a danja tsakanin motoci su ne hancinsu ya fi kusa da bakin salansa, ga huhunsu bai gama ƙosawa ba, kuma numfashinsu ya fi na manya sauri.