Yadda masana ke auna sauyin ƙwayoyin halittar da ke zaune cikin mafitsara

A ɗakunan gwaji na manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ana duba fitsarin mai fama da ciwon sanyi ta hanyar renon ƙwayoyin bakteriya a faranti. Ma'aunin da aka saba da shi ya samo asali ne daga aikin likitan Amurka Edward Kass a 1956: ƙwayoyi 100,000 a cikin mililita ɗaya alama ce ta cuta. An daɗe ana ɗaukar mafitsarar mai lafiya a matsayin wurin da babu ƙwaya ko ɗaya.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Loyola da ke Shikago suka gano bakteriya a mafitsarar mata marasa alamar ciwo, ta hanyar karanta ƙwayoyin gadonsu. Daga nan sai tambayar ta sauya: yaya wannan al'umma ke canzawa daga rana zuwa rana?

Gwaji ɗaya ba ya amsa ta. A binciken da aka buga a 2020, an karɓi fitsarin mata takwas kullum har kimanin wata uku, aka ga sauye-sauye masu alaƙa da jinin haila da saduwa.

Nan ne lissafi ke shigowa. Ma'aunin Shannon yana nuna yawan nau'o'in ƙwayoyi da daidaiton rabonsu a samfur guda, na Bray da Curtis kuma yana auna tazarar da ke tsakanin samfurin yau da na jiya. Amma akwai tarko. Na'urar tana bayar da kaso ne, ba ainihin adadi ba. Idan E. coli ya ninka, kason Lactobacillus zai faɗi ko da adadinsa bai ragu ba. Shi ya sa ake amfani da hanyar kwatanta nau'i da nau'i wadda John Aitchison ya shimfiɗa a 1982. Haka kuma samfura talatin daga mace ɗaya ba daidai suke da samfura daga mata talatin ba, don haka lissafin yakan ware bambancin da ke tsakanin mutane daga sauyin da ke cikin mutum guda.

Ga mai haƙuri a Jos, inda sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis ba tare da takardar likita ba ya zama ruwan dare, batun yana da nauyi: maganin yakan kashe ƙwayoyi masu amfani tare da masu cutarwa, kuma sai da gwaji a jere ake gane ko sun farfaɗo.