IRIN DA WUTA TA RAGE A MAƁUƁƁUGAR MIYAU

Miyau ba abin da mutane kan kula da shi ba ne, sai ran da ya ƙafe. Ga lafiyayyen mutum kuwa, abin da ke zuba a bakinsa dare da rana yakan kai kamar lita guda, wani lokaci ya ɗara. Manyan maɓuɓɓugarsa shida ne, uku a dama uku a hagu: akwai na gaban kunne, watau inda hangum ke kumbura wa yara, akwai na ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai kuma na ƙarƙashin harshe. Da miyau ake jiƙa loma har ta haɗiyu, da shi harshe ke juyawa wajen magana da karatu, shi ne kuma mai wanke haƙora daga abin da ke cin su.

To, wanda ciwon daji ya kama a baki ko a maƙogwaro, likitoci sukan yi masa gashi da wani haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani. Hasken yana kashe cutar, amma yana bi ta kan maɓuɓɓugan nan ya ƙone su. Sai mutum ya warke daga abin da zai kashe shi, ya koma gida da baki busasshe kamar fako. Tuwo ba ya wucewa sai an kora da ruwa, barci yana yankewa don ƙishi, haƙora suna ruɓewa. Akwai ƙwayoyin magani masu tsokano miyau, sai dai ba su da abin tsokana idan maɓuɓɓugar ta mutu.

A birnin Groningen na ƙasar Holan, wani malamin jami'a mai suna Robert Coppes da almajiransa suka ɗauki wannan mas'ala. Zatonsu shi ne, cikin kowace maɓuɓɓuga akwai waɗansu ƙwayoyin halitta 'yan kaɗan masu kama da iri a rumbu, waɗanda daga gare su sauran ke tsirowa. Suka ciro naman maɓuɓɓuga daga lafiyayyun ɓeraye, suka yi renonsa a cikin 'yan kwanoni har ya tattaru ya zama ƙulla-ƙulla, suka tsince irin, suka yi allurarsa ga ɓerayen da aka riga aka gasa. A shekarar 1429 ta Hijira, daidai da 2008, suka bayyana abin da suka gani: bayan 'yan watanni miyau ya komo wa da yawa daga cikin ɓerayen, aka kuma duba aka tarar sabon nama ya tsiro a gurbin ƙonanne. Abin mamaki, ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa sun isa, alhali kuwa duk taronsu bai kai ƙwayar gero ba.

Mutanen Japan suka bi wata hanya dabam. A 2013 Takashi Tsuji da jama'arsa suka haɗa jinsi biyu na ƙwayoyi daga tayin ɓera, suka dasa wa ɓeran da aka cire wa maɓuɓɓugarsa, suka sada dashen da tsohuwar hanyar miyau da wani siririn zare. Dashen ya kama, jijiyoyi suka shige shi, har ya zamana in an ɗiga wa ɓeran abu mai tsami a harshe sai miyau ya kawo. Aiki ne na gwaninta ƙwarai. Amma tayi ba abin da za a taɓa ba ne idan an zo ga ɗan Adam, saboda haka hanyar Groningen ta fi kusa da gadon majinyaci.

Can kuwa ba su tsaya ba. A 2015 suka nuna, ga ɓeraye da kuma ga mutane, cewa irin ya fi taruwa a wajen manyan magudanan maɓuɓɓugar gaban kunne, kuma idan mai gashi ya karkatar da hasken daga wannan gurbi, ɓarnar takan yi sauƙi. Wannan fa'ida ce da ba ta bukatar allura, sai dai lura wajen auna inda haske zai bi. A 2016 suka ɗauki irin daga maɓuɓɓugar mutum suka sa wa ɓeraye, shi ma ya kawo miyau.

Dabarar da suka tsayar ita ce, kafin a fara gashi a yanki ɗan nama daga maɓuɓɓugar majinyaci, a yi renonsa a ajiye, in an ƙare gashi a mayar masa da abinsa. Da yake nasa ne, jiki ba zai ƙi shi ba. A watan Disamba na 2022 aka yi wa mutum na farko haka a asibitin jami'ar Groningen. Ɓera dai ƙaramar halitta ce mai gajeren kwana, kuma akasarin masu wannan ciwo dattawa ne, waɗanda irinsu ya riga ya ragu da shekaru. Don haka aka fara da mutane kaɗan, abin da ake nema a gane da farko kuwa shi ne ko allurar ba ta cutarwa.