Daga Babura Zuwa Roni a Kan Keke: Ba Wahala Ake Saye Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, keke ya dawo kan titi a ƙasar Kazaure da Babura. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun jingine babura, sun kakkaɓe tsofaffin Raleigh da Phoenix, masu faci a bakin kasuwa kuma sun samu ciniki. Sai dai da yawa suna hawa ne a kunyace, suna jiran ranar da mai zai sauko su mayar da shi zaure. A daidai wannan lokaci ne hotunan bidiyo ke yawo a wayoyi, na Turawa da mutanen Asiya da ke biyan kuɗi masu kauri don a zagaya da su ƙauyuka a kan keke, kwana biyar ko mako guda. Hukuncin da ake yanke musu a majalisa ɗaya ne: "Ƙoshi ne ya yi musu yawa. Wa zai sayi wahala da kuɗinsa?"

Wannan magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ta rufe mana ido daga wata sana'a da ƙasarmu ke da kayan yin ta.

A Japan akwai hanyar da ake kira Shimanami Kaido, wadda aka buɗe a 1999. Tsawonta wajen kilomita 70 ne, daga garin Onomichi zuwa Imabari, tana ratsa tsibirai shida ta kan gadoji. An ja shuɗin layi a gefen titi, mai keke ya bi shi ba zai ɓata ba. Mutum yana ɗaukar keken haya a wannan bakin ya ajiye shi a wancan. Masu shaguna da gidajen abinci a kan hanya sun yarda baƙo ya tsaya ya sha ruwa, ya zaga bayan gida, ya ari famfo. Ba teku ba ne kaɗai ya sa duniya ke zuwa can, domin tsibiri da ruwa suna ko'ina. Tsarin ne. Baƙo ya san inda zai kwana, ya san wanda zai gyara masa kaca idan ta tsinke, ya san jakarsa za ta riga shi isa masauki.

Mu bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro ba a kan sa'a yake tafiya ba: akwai madugu da ya san zango-zango, akwai jagaba da ke wucewa gaba ya shirya masauki, ya gaida sarkin gari, ya duba rijiya. Bafatake yana biyan madugu ne don sanin hanya da sanin mutane. Aikin jagoran masu keke ke nan, babu ragi babu ƙari, kuma shi ne abin da baƙo ke biya.

To, me za a nuna wa baƙo a nan? Wanda ya saba wucewa a mota kan titin Kano zuwa Daura zai ce babu komai. Ya sauka ya taka keke ya gani. Ƙasar Babura shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa da rairayi, gonakin gero da riɗi da gyaɗa, gawo da kuka tsaitsaye, har zuwa iyakar Nijar. Da kaka za ka iske dammunan gero jere a gona, amalanken shanu na jido, mata na sussuka a bakin gari. Idan aka nufi yamma ta ƙasar 'Yankwashi sai ƙasa ta fara sauya fuska, tsaunuka su fara ɓullowa, har a iso Kazaure da duwatsunta da madatsar ruwa ta Muhammadu Ayuba a gefen gari, inda masunta ke fita da sassafe, 'yan lambu na ban ruwa. Ga fadar masarautar da Ɗantunku ya kafa wajen 1819. Daga nan sai Roni da Gwiwa, ƙasar dutse da kwazazzabai, hawa da gangara. Cikin kwana uku ko huɗu mutum ya ratsa masarautu biyu, domin Babura ta Ringim ce, ya ga ƙasa iri biyu da ba su yi kama da juna ba.

Batun wahala kuwa, lissafi ne. A kan hanya mai kyau, ƙarfin da jiki ke kashewa wajen cin kilomita ɗaya a keke bai kai rabin na mai tafiya a ƙasa ba, ga shi yana ninka saurinsa sau uku. Mai matsakaicin ƙarfi yana cin kilomita 15 a sa'a ba tare da haki ba, wato kilomita 45 tafiyar sa'a uku ce, a tashi bayan sallar asuba a sauka kafin rana ta take. Abin da ke mayar da wannan tafiya azaba abu uku ne, kuma duka ukun jagora na iya kauce musu.

Na farko iska. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take yi. Idan kana gudun kilomita 15 a sa'a, iskar hunturu kuma tana tunkaro ka da kilomita 15, jikinka yana keta iska mai gudun 30 ne, kuma ƙarfin da take tura ka baya ya ninka sau huɗu, ba sau biyu ba. Idan ka juya mata baya da wannan gudun, turjiyar ta kusa ɓacewa ɗungum. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Saboda haka wanda ya san abin da yake yi daga Babura zai taso ya nufi Kazaure da Roni, iska na tura shi. Wanda ya taso daga Roni ya nufi Babura a watan Janairu, hanya ɗaya ce, keke ɗaya ne, amma zai iso da rantsuwar ba zai sake ba. Duk ɗan kasuwar da ke kai kaya ƙauye a keke ya san wannan a cinyoyinsa, ko da bai taɓa jin lissafin ba.

Na biyu zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a nan yana haura digiri 40, mai taka keke kuma yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin sa'a ɗaya. Ba lokacin wannan tafiya ba ne sam. Lokacinta daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Amma hunturu ma yana da nasa tarkon: busasshiyar iska tana shanye gumi tun kafin ya jiƙa riga, sai mutum ya ɗauka bai yi gumi ba, ya ƙi shan ruwa, sai ciwon kai da jiri su sanar da shi. Jagora nagari yana tsayar da mutanensa su sha ruwa ko ba su nema ba.

Na uku rairayi. Siririyar taya mai iska tam tana nutsewa a yashi. Faffaɗa, wadda aka ɗan rage wa iska, tana shimfiɗuwa ta wuce. Kekunan tsere da ake gani a talabijin ba su da amfani a burtalin Babura, gara keken dutse mai giya, irin wanda ake samu na hannu a Kano.

Abin da ya fi damuna a raina wannan sana'a shi ne inda kuɗinta ke sauka. Motar da ta taso daga Kano ta nufi Daura ba ta barin komai a ƙauyukan da ta ratsa sai ƙura. Mutum goma a kan keke kuwa dole su ci, su sha, su kwana. Mai shayi, mai ƙosai, mai fura da nono, mai tsire, mai faci, mai a-kori-kurar da ke bin su da kaya, mai gidan da ya share ɗaki ya shimfiɗa tabarma, kowa zai ga nasa. Kuma ba sai an jira Bature ba. Kano na nan kusa, cike da ma'aikatan da likita ya ce su motsa jiki saboda hawan jini da ciwon sukari. Ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke zaune a Kazaure shekara biyu ko huɗu, su tafi ba su taɓa ganin Roni ba. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Kazaure zai bi, shi ma zai iya kawo baƙi.

Cikas ɗin gaske biyu ne, kuma ba na son a ɓoye su. Direbobinmu ba su ɗauki mai keke a matsayin mai haƙƙi a titi ba. A 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe, wanda ke kiran 'yan Nijeriya su koma keke, bas ta hankaɗa shi cikin rami a Abuja yana kan nasa keken. An yi ta dariya, ba a gyara komai ba. Har yau ana shimfiɗa titi ba tare da kafaɗa mai kyau ba, inda take kuma rairayi ya cinye ta ko 'yan tireda sun mamaye. Jami'an da ke fitowa ranar 3 ga Yuni, ranar keke ta duniya, su zagaya gari a ɗauki hoto, da sun mayar da wannan himma kan kafaɗar titi da horar da direbobin haya, da ta fi amfani.

Sai zargi. Mamadou Safayou Barry, ɗan ƙasar Gini da ya taso a keke a 2023 da nufin zuwa jami'ar Azhar a Alƙahira, sau uku aka tsare shi a hanya, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. A zamanin da 'yan bindiga suka addabi sassan jihar Katsina, wadda Roni da Gwiwa ke iyaka da ita, ba za a ga laifin mutanen ƙauye ba idan suka tsorata da baƙin fuska goma da jakunkuna. Maganin wannan a hannunmu yake. Jagora ya zama ɗan ƙasa wanda aka san gidansu. Kafin a taso ya kai gaisuwa wurin hakimi, ya sanar da dagaci da mai unguwar kowane zango da ofishin 'yan sanda, ya faɗi yawan mutane da inda za su kwana. A sauka kafin la'asar, ba a tafiyar dare, kuma duk hanyar da masu gari suka ce a bari a bar ta.