Mutanen Zamanin Dutse a Ƙagaggun Labarai: Daga Kwarin Neander Zuwa Taruga

A shekarar 1856 ne masu fasa dutse suka tono wasu ƙasusuwa a kwarin Neander da ke Jamus, inda aka samo sunan Neanderthal. Masana sun ce irin waɗannan mutane sun zauna a Turai da yammacin Asiya, suka ɓace kimanin shekaru 40,000 da suka wuce. Ba su bar rubutu ba, sai ƙashi da toka da makaman dutse. Wannan giɓi ne marubuta ƙagaggun labarai suka shiga cikewa.

Da fari an zana su a matsayin dodanni, kamar yadda H.G. Wells ya yi a wani gajeren labari a 1921. William Golding, a littafinsa The Inheritors na 1955, ya juya akalar: ya ba da labarin ta idon Neanderthal, masu sanyin hali, baƙin da suka zo da kwari da baka kuwa, wato irinmu, su ne abin tsoro. Jean Auel kuma, a 1980, ta ƙaga yarinya marainiya da suka raina har ta haihu a cikinsu. Wasu sun ɗauki haihuwar a matsayin zuƙi ta malle, sai ga binciken tawagar Svante Pääbo a 2010 ya nuna an yi cuɗanyar jini, har mutanen Turai da Asiya na ɗauke da kusan kashi 2 cikin 100 na ƙwayoyin gadonsu.

Ba a samu Neanderthal a Najeriya ba, amma marubucinmu bai rasa abin aiki ba. Akwai ƙoƙon kan Iwo Eleru da Thurstan Shaw ya tono a jihar Ondo ta yanzu a 1965, mai kimanin shekaru 13,000, wanda siffarsa ta ɗauko ta mutanen da suka girme shi nesa. Akwai kwalekwalen Dufuna na Yobe, mai kimanin shekaru 8,000. Hatta abin da ake kira gatarin aradu, masana sun ce hannun mutum ne ya wasa shi.

Mazauna Karshi ba sai sun yi nisa ba. A Taruga, kudu maso gabashin Abuja, Bernard Fagg ya tono murahun narka ƙarfe da gumakan yumɓu na al'adar Nok a shekarun 1960. Waɗannan ba su kai Neanderthal daɗewa ba ko kusa, domin shekarunsu kusan 2,500 ne, amma kitso da tsakiyar da ke jikin gumakan sun isa a gina jarumar labari a kansu, cikin harshen Hausa.